Inabin da Ke Kwana Ɗari a Kan Asabari: Tafiya Tuddan Valpolicella

Daga tashar jirgin ƙasa ta Verona, a arewacin Italiya, in ka hau mota ka nufi arewa maso yamma, kafin ka cika rabin awa gari ya ƙare, tudu ya fara. Nan ne Valpolicella. Kwaruruka ne a jere kamar yatsun hannu, suna gangarowa daga tsaunukan Lessini zuwa kogin Adige, Tafkin Garda kuma yana can yamma da su. Tsohon yankin, wanda suke kira Classica, garuruwa biyar ne: Negrar, Marano, Fumane, San Pietro in Cariano da Sant'Ambrogio. Na isa a farkon Oktoba, ana tsakiyar tsinkar inabi, sannan na sake komawa a Janairu don in ga ƙarshen aikin.

Gara in faɗa tun da wuri: ba na shan giya, ban kuma ɗanɗana ta wurin ba, don haka duk abin da za ku ji game da ɗanɗanonta daga bakin masu yin ta ne. Abin da ya ja ni shi ne busar da amfanin gona. Mutanen nan sukan ɗauki ɗanyen inabi, abin da ba ya jure kwana goma a kwando, su ajiye shi wata uku zuwa huɗu a lokacin da ya fi kowane danshi a shekararsu, ba rana ba wuta, kuma ya ƙi ruɓewa. Sunan aikin a bakinsu appassimento, wato sa abu ya yi yaushi. Da shi ake yin Amarone da Recioto, giya biyun da suka fitar da sunan yankin.

Abin da ido ke fara gani a gangaren tudu shi ne katangun dutse, waɗanda suke kira marogne. Jera duwatsun ake yi kawai, babu siminti babu laka, su tare ƙasa ta zama hawa-hawa. Rashin simintin da gangan ne. In an yi ruwa mai ƙarfi, ruwan yakan tsiyaye ta tsakanin duwatsun ya wuce. In aka shafe katangar, ruwan zai taru a bayanta har nauyinsa ya ture ta, ƙasar gonar ta bi ta zuwa kwari. Na ga wuri ɗaya da hakan ta faru, saiwar inabin tana reto a fili.

A kan hawa-hawan nan ake dasa inabi, kuma a tsofaffin gonaki rumfa ake yi masa, sama da tsayin mutum, ka shiga ƙarƙashi nonnan suna reto a kanka. Da farko na ɗauka al'ada ce kawai, ashe akwai dalili a jikin shukar. Babban irin yankin, Corvina, idanun da ke gindin reshensa ba sa ba da 'ya'ya. In ka yi masa gajeren aski, ka bar ido biyu ko uku kamar yadda ake yi wa wasu irin, ganye za ka girba. Dole a bar reshe mai tsawo, dogon reshe kuwa yana son wurin miƙewa. Ga shi kuma fatarsa ba ta son rana ta doke ta kai tsaye, ƙonewa take yi, ganyen rumfar ne ke yi mata lema. Wasu manoma sun koma dasa shi a layi kan waya don injin ya samu shiga, amma da zafin bazara ya ƙaru a shekarun nan, da yawa sun sake ganin darajar rumfar. Kusan kowace kuranga kuma mai aure ce, kamar mangwaro: sama irin Verona, saiwa irin Amurka, saboda wani ƙwaro mai cin saiwa da ya halaka gonakin inabin Turai tun ƙarshen ƙarni na 19.

Sunayen irin nasu akasari na tsuntsaye ne. Corvina daga sunan hankaka, saboda baƙin 'ya'yansa. Rondinella daga tsattsewa. Oseleta daga kalmarsu ta ƙananan tsuntsaye. Molinara ce ta fita daban, daga injin niƙa, don farar ƙurar da ke fatarta kamar an barbaɗa gari. Dokar Amarone ta ce Corvina, ko ɗan'uwansa mai manyan ƙwaya Corvinone, su ne gaba, kashi 45 zuwa 95 cikin 100, Rondinella kuma kashi 5 zuwa 30. Kowanne da halinsa a ɗakin shanya. Rondinella ba ta da rigima, tana jure cuta. Corvina yana da fata mai kauri, yana sakin ruwansa a hankali. Corvinone kuwa, saboda girman ƙwayarsa, shi ya fi jinkiri, kuma in an dasa shi a kwari mai ni'ima sai ya cika ruwa ya ƙi nuna sosai, shi ya sa ake kai shi kan tudu.

Tsinka ce rabin aikin. Inabin shanya shi ake fara cirewa, kafin na giyar yau da kullum, tun yana da sauran tsami kuma fatarsa ba ta yi laushi ba. Ba kowane nono ake ɗauka ba. Na tsaya kusa da wata dattijuwa ina kallon hannunta: ta kama nonon ta kara, ta ɗaga shi ta juya, ta leƙa tsakanin ƙwayoyin. In sun matse juna har iska ba za ta ratsa ba, sai ta bar shi a kan kurangar don zagaye na biyu. In ya yi sako-sako, sai ta sa bakin almakashi ta cire ƙwaya ɗaya da zanzaro ya huda, ta kwantar da shi a akwati a hankali kamar ƙwai. Jeri ɗaya tak ake yi, ba a ɗora nono kan nono, shi ya sa akwatin bai wuce kilo 5 zuwa 7 ba. Ba a tsinka da raɓa, ba a tsinka bayan ruwa sai ya tsane, kuma ba a wanke inabin sam. Ƙwaya ɗaya in ta fashe, ruwanta mai zaƙi ya ɗiga kan maƙwabtanta, nan fumfuna za ta fara. Akwai kuma wani ɗan ƙuda daga gabashin Asiya da aka fara gani a arewacin Italiya a 2009, wanda macensa ke huda lafiyayyar fata ta sa ƙwai a ciki. Ido ba ya ganin hudar a gona, sai bayan kwanaki a ji warin tsami yana tashi daga akwati. Ƙanƙara ma haka. Wadda ta sauka a Verona da kewayenta a Agustan 2020 ta zo ana saura makonni kaɗan a fara tsinka, inabin da ta taɓa kuwa ba ya shiga shanya.

Ɗakin shanyar sunansa fruttaio. Na gargajiya yana saman bene ne, ƙarƙashin rufi, da manyan tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna don iska ta shiga ta fita. A kan tudu ake gina shi, domin da kaka hazo mai laima yakan kwanta a kwarin Adige da safe, wanda ke sama kuwa yana cikin busasshiyar iska. Na hau ɗaya ta wani tsani na katako. Ƙamshi ne ya fara tarbata, mai kama da na dabino da aka daɗe da rufewa a buhu, da ɗan tsami-tsami a bayansa. Ciki kuwa gadaje ne na katako da aka shimfiɗa wa kara irin na asabari, an ɗora wani kan wani har kusa da rufi, da tazarar da hannu zai shiga. Arele suke ce musu. Karan yana tsotse ɗan danshi, iska kuma tana bi ta ƙasa. Aibinsa shi ne wuyar wankewa: fumfunar bara takan ɓuya a cikinsa ta jira inabin bana. Shi ya sa yawancin masu sana'ar yanzu suka koma akwatin roba mai huji-huji. Ana wanke shi tas, kuma inabin da aka kwantar a ciki tun a gona ba a sake taɓa shi sai ranar matsa.

Makonni biyun farko su ne masu haɗari. Lokacin karan nonon ɗanye ne, kore, cike da ruwa, ɗakin kuma cike da tururin da dubban kilo na inabi ke fitarwa. Burin mai ɗakin shi ne karan ya bushe da wuri, ya koma ruwan ƙasa, ya karye in an lanƙwasa. In ya bushe, an tsallake babban rami. In aka samu kwana huɗu ko biyar na ruwa da ɗumi a jere kafin nan, fumfuna mai launin toka za ta bi kara ta shiga nonon. Don haka aikin mai ɗakin shi ne tagogi. In busasshiyar iska ta taso daga tsauni, a buɗe duka. In hazo ya hau ko ruwa ya sauko, a rufe, a kunna fanka. Mai ɗakin da na ziyarta yana da ma'aunin danshi rataye a tsakiya, ya ce da zarar ya haura kashi 70 cikin 100 hankalinsa ba ya kwanciya, ko da tsakar dare ne sai ya hau ya duba. Yana bin layi da tocila yana leƙa akwatunan ƙasa da na lungu, inda iska ba ta kaiwa sosai. Nonon da ya kamu, a cire shi da na kusa da shi a fitar waje. Akwai kuma 'yan akwatunan da ya yi wa alama, yana ɗora su a sikeli kowane mako, da su yake sanin ruwan da ya fita.

Maganar fumfunar nan tana da sarƙaƙiya. Ita wannan mai launin tokar, in ta shiga ƙarƙashin fata a cikin sanyi ba ta fito fili ba, ba ta ruɓar da ƙwayar, sai ma ta sa ruwan ya yi kauri da santsi. Wasu tsofaffin masu sana'a suna son kaɗan daga cikinta, wasu kuma ba sa son ko ɗigo, sun ce tana cinye launi tana dushe ƙamshin 'ya'yan itace. Wadda babu mai jayayya a kanta ita ce baƙa da koriya. Baƙar dangi ɗaya ce da wadda ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, kuma ita ma tana barin guba. Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan gubar a giyar inabi, kada ta wuce maikrogram 2 a kilo.

Manyan kamfanoni sun gina rumbuna masu faɗin filin ƙwallo, da fankoki da na'urar tsotse danshi. Doka ta yarda da haka, amma ta hana abu ɗaya: zafi. Ba a yarda a hura wa inabin iska mai ɗumi don ya yi saurin bushewa ba, dole ɗakin ya zauna a irin sanyin da ake samu a shanyar gargajiya. A nan ne na fahimci bambancin wannan aiki da shanyar tumatir ko tattasai da muke yi da rani. Mu ruwan kawai muke so ya fita, kuma iskar hunturu da rana suna gama mana cikin kwanaki. Su kuwa ƙwayar suke so ta zauna da rai tana yaushi. Muddin tana da rai, tana ƙona wani sashe na tsaminta, fatarta tana sauya ƙamshi. In aka gaggauta, zabibi za a samu, mai zaƙi kawai. A ganina dokar hana zafin nan ita ce ƙashin bayan sana'ar duka, kuma ban ga laifin fanka ba, don iska ce dai take motsawa a ranar da Allah bai kawo ta ba.

Ga lissafin. Doka ta ba da iyakar tan 12 na inabi a hekta, kuma a wasu shekarun hukuma kan rage. Daga ciki, abin da za a kai shanya ba zai wuce kashi 65 cikin 100 ba, wato tan 7.8. Cikin kwana 100 zuwa 120 inabin yakan rasa kashi 30 zuwa 40 na nauyinsa. Sannan giyar da za a fitar ba za ta wuce kashi 40 na nauyin ɗanyen inabin ba: kilo 100 ya ba da lita 40, alhali a giyar yau da kullum lita 70 ake yarda. Hekta guda ke nan ba ta wuce lita 3,120 ba, kwalba 4,160. Ba a kuma fara matsa kafin 1 ga Disamba, sai in hukumar yankin ta matso da ranar saboda yanayin shekarar. Wanda ya ga wannan lissafi ba zai yi mamakin tsadar kwalbar ba.

Sana'ar ta daɗe. A ƙarni na 6, Cassiodorus, wazirin sarakunan Goth da ke mulkin Italiya a lokacin, ya rubuta wasiƙa yana neman wata giya mai zaƙi ta ƙasar Verona, ya bayyana yadda ake tsinkar inabin da kaka a rataye shi, sai hunturu ya shiga a matse. A Negrar ma, a 2020, an tono daɓen wani gidan Rumawa mai adon ƙananan duwatsu a ƙarƙashin wata gonar inabi. Giya mai zaƙin da Cassiodorus ya nema ita ce kakar Recioto. Sunan daga recie ne, kunnuwa a harshen mutanen Verona, don 'yan rassa biyun da ke saman nono kamar kunnuwa, waɗanda suka fi samun iska da haske, su ake zaɓa a da. Amarone ƙanwa ce ta baya-bayan nan. Labarin da ake bayarwa shi ne an manta da wata gangar Recioto a Negrar a shekarun 1930, ta ci gaba da tsima har zaƙin ya ƙare, aka ce mata mai ɗaci, don amaro ɗaci ne a Italiyanci. Sai a shekarun 1950 ta fara shiga kasuwa sosai. Yankin ya samu rajistar sunansa a 1968, Amarone da Recioto kuma suka hau matakin ƙoli na rajistar giya a Italiya daga kakar 2010.

Da na koma a Janairu, kurangun tsirara suke, ana yi musu aski, sanyi yana cizon kunne. Inabin da na bari a cike ya yanƙwane, ya yi duhu, amma bai bushe ƙarau ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na latsa: fatar kamar laushin fatar jima, ciki kuwa ɗigo biyu ne masu danƙo kamar zuma. Na ci. Zaƙin ya kai na dabino, amma tsamin yana nan a bayansa, fatar kuma tana kama harshe kamar goro.

Injin yakan cire kara ya fasa ƙwayoyin, a tura su tanki da fata da komai, don launi da ƙarfi a fatar suke. Daga nan wata wahalar ta fara. Kusan gram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 na barasa. Amarone ba ta yin ƙasa da kashi 14 a doka, akasari ma 15 zuwa 16 take kaiwa, ke nan ruwan yana ɗauke da sukarin da ya kai gram 250 zuwa 270 a lita. Yis ba ya son haka. Sukari mai yawa yana tsotse masa ruwan jiki tun daga farko, sanyin Janairu yana sa shi barci, barasar da yake yi da kansa kuma tana kashe shi a ƙarshe. Shi ya sa tsimar da ake gamawa cikin mako ɗaya ko biyu a Oktoba takan ci kwana 30 zuwa 50 a nan. Akan ɗan ɗumama tankin, a zaɓi yis mai juriya, a riƙa jawo ruwan ƙasa ana kwarara shi kan fatar da ta taso sama. In aka bar fatar ta bushe a saman, ƙwayoyin cutar da ke mai da giya khal, wato ruwan tsami, za su zauna a kanta. In yis ya tsaya a tsakiya da sauran sukari, su ma ƙwayoyin sun samu abinci, tsami mai hawa hanci ya shiga, kuma ba ya fita. Aikin wata huɗu ya tafi a kwana kaɗan. A Recioto kuwa da gangan ake tsayar da yis ɗin, a sanyaya a tace, don zaƙin ya zauna. Wani abin da duk baƙo ya kamata ya sani: iskar da tsima ke fitarwa ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan ɗaki da cikin tanki, kuma tana kisa. Ba a leƙa tanki, ba a sauka ɗakin ƙasa sai mai wurin ya ce a sauka.

Dusar da ta rage ba a zubar da ita. Akan ɗauko giyar Valpolicella ta yau da kullum, wadda aka yi tun Oktoba da ɗanyen inabi, a zuba ta kan dusar tun tana da ɗumi da sauran sukari, ta sake tsima na wasu kwanaki, ta ƙara launi da kauri. Ita ce Ripasso, wato wadda aka sake bi da ita. Nan ma akwai iyaka: ba za ta wuce ninki biyu na Amarone ko Recioton da aka cire daga dusar ba. In an matse dusar da yawa kafin a zuba, ko aka bar giyar ta daɗe a kanta, ɗacin ƙwallon ciki ne kawai zai fito.

Sai zaman ganga. Amarone tana yin aƙalla shekara 2 kafin a sayar, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun da ya biyo bayan tsinka, mai lambar Riserva kuma shekara 4. Tsofaffin gidaje suna amfani da manyan gangunan katakon oak na Slavonia, a ƙasar Kuroshiya, masu cin lita dubbai, waɗanda ba sa sa wa giyar ƙamshin itace sosai. Wasu suna son ƙananan gangunan Faransa masu lita 225. A Gargagnago, inda ɗan Dante, mawaƙin Italiya, ya sayi gona a 1353 kuma zuriyarsa ke riƙe da ita har yau, ana amfani da gangar katakon ceri. Ko wace iri ce, katako yana shan ruwa yana kuma barin tururi ya fita, don haka dole a riƙa cika gangar har baki. Gurbin da aka bari iska ce ke cika shi, iska kuwa ita ke kawo tsami.

Ranar ƙarshe na hau San Giorgio, ƙauyen dutse da ke saman Sant'Ambrogio. Laƙabinsa Ingannapoltron, mai yaudarar malalaci, don daga ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi, amma hanyar sai ta yi ta nannaɗewa. Akwai tsohuwar majami'a a can mai rubutun dutse na shekarar 712, kuma daga farfajiyarta ana hango Tafkin Garda in gari ya washe. Musulmin da zai ci abinci a yankin ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu: shahararriyar shinkafarsu da Amarone ake dafa ta, naman da suke daɗe suna dafawa ma a giya ake jiƙa shi, kuma naman alade yana shiga miya da yawa ba tare da an rubuta ba. Cukun Monte Veronese na tsaunin Lessini, da man zaitun na tuddan, da kifin tafki, su na fi dogara da su.

Ina gangarowa da yamma hazo ya fara cika kwarin, yana hawa gangaren a hankali. A wani gida da ke gefen hanya, wanda bai gama matse nasa inabin ba, wani mutum ya fito da sauri ya hau bene. Na ji ƙarar tagogin suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan fanka ta tashi.